Hasken da Ke Cikin Duro na Uku

Gonakin jatan lande goma sha ɗaya ne a jere a bakin magudanar ruwa guda, wadda ke ɗauko musu ruwan gishiri daga teku. Ta tara ita ce ta Dogo da matarsa, mai kandami huɗu. Ta goma ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyar Dogo, kandami ɗaya tal, da ɗan ɗakin inji a gefensa.

Cutar jatan landen ta faro ne daga gona ta farko, tana gangarowa a hankali kamar baƙon da ya san hanya. Direban da ke kawo buhunan abincin jatan lande shi ne rediyon layin. Duk Talata zai tsaya a ƙofar sito, ya share gumi, ya ba da labari tun ba a tambaye shi ba.

"Ta huɗu ta tafi," in ji shi a wata Talatar. "Jiya suka kwashe mushen. Wari har bakin titi."

"Ba su zuba magani ba?" Dogo ya tambaya.

"Sun zuba har sun gaji. Abin nan ya saba da magani, kamar shayi yake shan sa."

Kowa a layin ya san yadda take zuwa. Jatan landen za su fara barin abinci a tiren da ake nutsa musu a ruwa. Sai hanjinsu ya koma fayau, su taso gefe-gefe suna lilo kamar bugaggu. Kwana uku, huɗu, ƙasan kandami ya cika da gawa. Waɗanda suka gani da idonsu kuma sun ce in ka kai su cikin duhu, wani haske kore-kore ne ke fita daga jikinsu.

Matar Dogo ba likita ba ce, amma Likita kowa ke kiranta, kuma Kawu ne ya laƙaba mata. Shekara bakwai ta yi a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfani mai ƙyanƙyasar jatan lande kafin ta ajiye aikin ta dawo gonar mijinta. Abin da ta zo da shi ba shi da yawa: ƙaramin firji, ƴan farantan gwaji masu murfi, da wata kwalba mai ɗauke da irin ƙwayoyin halitta masu amfani. Su take raino a duro uku shuɗɗa a cikin sito. Tafasasshen ruwa, dusar shinkafa, baƙin ruwan rake mai kauri, cokali biyu na irin, sai ta zura tiyon iska ta bar shi kwana biyu. Idan ya yi, yakan taso da kumfa yana ƙamshi tsami-tsami kamar kwaɓin burodi. Sau biyu a mako ake ɗiba a watsa a kandamai.

Tana da doka guda da ba ta karyawa. Kafin a ɗebi ko kofi ɗaya, sai ta ɗiga ɗigo daga kowane duro a faranti, ta rufe, ta jira ya kwana. In fari-fari ne suka tsiro, nata ne. In wani abu ya tsiro daban, duron duka zubarwa ake yi a ramin farar ƙasa.

Kawu bai taɓa yarda da abin ba. Yakan leƙo sito ya toshe hanci.

"Likita, ni dai tun da nake ban taɓa jin an kori kura da kura ba. Ƙwayar cuta ce ke kashe su, ke kuma kina kiwon ƙwaya kina ba su?"

"Kawu, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nawa su cinye dattin ƙasan ruwa, su cika cikin jatan landen. Gidan da ya cika da ƴan gida, ina ɓarawo zai sami wurin shimfiɗa?"

"To Allah ya ba da sa'a. In sun girma ki aiko mini da cinya."

Da gona ta bakwai ta faɗi, Kawu ya daina zolaya. Ya rufe ƙofar da ke shigo masa da ruwa daga magudana, ya ɗaure ta da waya, ya ce ko ɗigo ba zai ƙara shiga ba sai ya kwashe jatan landensa. Saura masa mako uku. Da ta takwas ta faɗi, wadda katangar waya kawai ta raba su da ita, aka wayi gari tsuntsaye sun yi dafifi a can suna ta shawagi suna sauka. Likita ta tsaya a bakin kandaminsu na ɗaya ta ɗago tire. Babu ko ƙwayar abinci, sun cinye tas. Ta ɗauki guda ta ɗaga shi a rana, hanjinsa cike, baƙi siɗik daga kai har wutsiya. Ta mayar da shi, amma hankalinta bai kwanta ba.

Makon ya zo musu a karkace. Famfo ya ɗauke kwana biyu, injin kaɗa ruwa na kandami na biyu ya tsaya, ita da Dogo suna ta fama da shi tun hantsi. Tana tsugune da sifana a hannu ta ji sallama. Kawu ne, riƙe da jarka biyu, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo biko.

"Sannu da aiki, Likita."

"Kawu, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya ke ɓuya. Na zo a sam mini kurayen nan naki."

Dogo ya yi dariya. Ita ma ta murmusa, ta goge hannu a zani.

"Kawu, duro na ɗaya da na biyu sai jibi za su nuna. Na uku ya yi, amma ban gwada shi ba. Ka bari zuwa gobe da safe."

"Gobe? Ba ki ga tsuntsayen can ba? Ƴata, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shekara nawa kina haɗa abin nan, sau nawa ya taɓa ɓaci?"

"Sau ɗaya."

"To kin gani."

Ta dubi mijinta. Dogo ya kawar da kai, ya ci gaba da ɗaure noti. Ta shiga sito ta buɗe duro na uku. Ya yi kumfa yadda ya saba. Ta sunsuna. Tsamin na nan, sai dai can ƙasa-ƙasa akwai wani ɗan ƙarni da ba ta gane ba. Ta ce a ranta hannunta ne, tun safe take cikin ruwan kandami. Ta cika wa Kawu jarkokinsa, ta gaya masa yadda zai watsa ta gaban injin. Abin da ya rage ta ɗebi rabi ta kai kandaminsu na huɗu, wanda ya fi kusa da gonar da ta mutu. Sai da ta dawo za ta rufe sito sannan ta ɗiga ɗigo a faranti, don dai hannu ya saba, ta ɗiga na sauran biyun ma, ta jera su a kan kanta.

Washegari bayan ta zagaya kandamai ta shiga sito. Faranti na ɗaya, fari-fari. Na biyu, fari-fari. Na uku ta ɗaga shi ta tsaya. Fararen ba su fi a ƙirga ba. Duk sauran wurin wasu ɗigo-ɗigo ne masu santsi, sun haɗe da juna kamar majina.

Siton ba shi da taga. Ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar ta rufu, ta kashe fitila.

Da farko ba ta ga komai ba. Sai idonta ya saba da duhun, farantin da ke hannunta ya fara bayyana da kansa, kore-kore, shuɗi-shuɗi, har tana ganin layukan tafin hannunta a ƙarƙashinsa. Ta juya. Murfin duro na uku a ɗage yake kaɗan, kuma ta wannan ɗan tsagin haske na fitowa. Ta matsa ta ɗaga murfin. Ragowar ruwan na motsi saboda tiyon iska, duk kumfar da ta fashe sai ta yi walƙiya. Har bangon duron ta ciki, inda ruwa ya taɓa jiya, yana sheƙi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe ƙofa ta ƙwala wa mijinta kira.

Da Dogo ya shigo ta sake rufe ƙofar. Ta ji numfashinsa ya canza a cikin duhun.

"Maigida," ta ce, "ranar da famfo ya ɗauke na ce ka cika mini duron nan da ruwan da na tafasa. Da me ka cika shi?"

Ta ji ya ja da baya ya jingina da ƙofa.

"Maigida."

"Na tafasasshen bai kai ba. Bokiti biyu suka rage."

"Daga ina ka ɗebo?"

"Daga magudana. Na ce ai naki masu ƙarfi ne, za su cinye duk abin da ke ciki. Ba ke kika ce gidan da ya cika..."

"Gidan bai cika ba tukuna! Cokali biyu ne a cikin duro. Ka ɗebo su, na ba su ruwan rake, na ba su iska, na raine su kwana biyu kamar ƴaƴana."

Ta buɗe ƙofa. Haske ya shigo, duron ya koma duro kawai. Dogo ya zauna a kan buhun abinci ya dafe kai.

"Jiya da Kawu ya zo kana ji, ba ka ce uffan ba."

"Na tuna. Wallahi na tuna. Kunya ce ta hana ni." Ya ɗago. "Likita, tsaya ki ji. Cutar nan ko da mu ko ba mu tana zuwa. In ta shiga wurin Kawu, wa zai ce daga nan ta fita? Mu yi shiru mu taimaka masa da abin da za mu iya."

"In mun yi shiru zai ci gaba da ba su abinci kamar kullum, ya ƙara wa wuta mai. Tashi mu je."

Sun tarar da Kawu a bakin kandaminsa, ya naɗe ƙafar wando, fuskarsa a sake. Jarkokin biyu na kife a gefe, wankakku.

"Ga Likita, ga mijin Likita! Na zuba duka jiya, ko ɗigo ban rage ba. Ku zo ku ga yadda suke tsalle."

Ta durƙusa ta gaishe shi, kuma ba ta tashi ba.

"Kawu, abin da na ba ka jiya gurɓatacce ne. Cutar ce a ciki. Na gwada, yau na gani."

Ya dube ta, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya dubi Dogo. Ya dubi ƙofar ruwansa da ke ɗaure da waya tun mako biyu.

"Cutar," ya ce.

"E, Kawu."

"A jarka. Da hannuna."

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi. "Ni ce ban gwada ba. Na san ƙa'ida, na karya."

"Ni na zuba ruwan magudana a duron, Kawu," in ji Dogo. "Ba ta sani ba."

Kawu bai kula shi ba. Ya sauke ƙafar wandonsa ɗaya, ya manta da ɗayar. "Yanzu me ake yi?"

Ta gaya masa. A tsayar da abinci. A bar injin kaɗa ruwa yana aiki ba tsayawa. Gobe duro na ɗaya da na biyu za su nuna, kuma masu kyau ne, ta gani a faranti. Za a juye masa ninki biyu na abin da aka saba, ko masu amfanin za su yi rinjaye kafin ɗayan su kama cikin jatan landen.

"Zai yi?"

"Ban sani ba, Kawu. Rigakafi ne, ba magani ba ne. Amma shi ke gare mu."

A hanyar komawa Dogo ya tsaya. "In kin ba shi ninki biyu, namu fa? Na huɗu ma ya sha abin nan. Sauran ukun kuma gobe ne ranarsu."

"Na huɗu zai sami abin da ya rage. Ukun su jira sabon haɗi."

"Kwana biyu ba kariya, ga gawa a maƙwabta?"

"Wata uku ina zuba musu. In wata uku bai riƙe su kwana biyu ba, to dama aikin banza nake yi."

Dogo ya juya ya nufi sito. Shi ya tura duro na uku har ramin farar ƙasa, shi ya juye, ya kuma tsaya yana tafasa ruwa tukunya bayan tukunya har hannunsa ya yi bororo.

Kwana na farko babu abin da ya faru. Kwana na biyu ma haka. Kawu ya ce a gwada sa ɗan abinci a tire, suka sa, bayan awa biyu aka ɗago an cinye fiye da rabi. Ya dubi Likita kamar zai yi wata zolaya, sai ya fasa. Ita kuwa ta kama guda biyar ta ɗaga su a rana. Uku hanjinsu cike. Biyu kuma layin baƙin ya yanke a tsakiya, ya ci gaba, ya sake yankewa.

A kwana na uku da hantsi ta hango tsuntsu ɗaya a kan rufin ɗakin injin Kawu. Fari ne, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ba ya ko motsi. Kafin azahar sun zama shida.

Ta tsallaka. Kawu na zaune a kan kifaffen bokiti, hannuwansa a kan gwiwa. A gefen ruwan, daf da ƙafarsa, jatan lande ne a jere suna juyi a hankali, wasu sun kwanta ta gefe suna motsa ƙafafu. Manya ne, sun kai tsawon yatsa da rabi.

"Kawu, a jawo raga yanzu. Waɗanda ke da rai da lafiya za a iya fitar da su kafin yamma."

"Jawo," ya ce, bai dube ta ba.

Ita da Dogo da mutum biyu daga gona ta sha ɗaya suka shiga ruwa har ƙirji. Ragar ta yi nauyi tun kafin su kai tsakiya, kuma nauyin ba na masu rai ba ne. Da suka fito da ita gaɓa, warin ya bugi kowa. Suka tsugunna suna tsince masu motsi. Abin da suka tsinta bai cika kwando huɗu ba, a kandamin da Kawu ke sa ran cika mota. Sauran aka haƙa rami aka binne da farar ƙasa. Kawu da kansa ya karɓi shebur ya yi ta turawa, aka ce ya huta ya ƙi.

Nasu na huɗu ya fara kwana ɗaya bayan haka. Kullum da safe Dogo zai shiga da ƙaramar raga ya kwaso matattu, bokiti ɗaya, bokiti biyu, ita kuma tana ta juye sabon haɗi. A rana ta shida mutuwar ta ragu, a ta tara ta tsaya. Kusan rabi suka rayu. Kandami na ɗaya da na biyu da na uku kuwa ko guda bai taso ba. Cutar ta tsallake su ta faɗa gona ta sha ɗaya, ta share ta cikin kwana huɗu.

Magana ta yi yawa a layin. Direban abinci ne ya kawo mata, yana sauke buhu yana kallon ƙasa. Wasu na cewa abin nata gaskiya ne, tunda ga kandamai uku a tsaye a tsakiyar kufai. Wasu kuma na cewa a tambaye ta yadda aka yi nata suka rayu, na tsohon da ta ba wa da hannunta suka mutu, kuma wa zai gaji kandamin in tsohon ya gaji. Waɗanda ke faɗin haka, biyu daga cikinsu sun zo da jarka a makon. Ta ce musu su dawo gobe, sai faranti ya kwana. Ɗaya ya yi tsaki ya tafi. Ɗayan ya dawo.

Dogo ya kama wata magana ya riƙe. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ce masa ai ga ta sha ɗaya, ba wanda ya ba su jarka, kuma sun mutu, ashe dama ta Kawu ma tana kan hanya. Ya faɗa a gaban matarsa sau ɗaya. Ta dube shi kawai, bai sake faɗa a gida ba.

Kawu bai yi faɗa da kowa ba. In ta gaishe shi yana amsawa. Abincin da take aika masa yana karɓa, kwanon ya dawo a wanke. Amma bai ƙara leƙowa sito ba, kuma ya daina ce mata Likita. Ya zuƙe ruwan kandaminsa, ƙasan ya bushe ya tsattsage. Wata rana da safe ta ga ƙaramar mota a ƙofarsa, an ɗaure katifa da akwati a sama. Ƴarsa da ke aure a birni ce ta zo ɗaukarsa.

Ta yafa mayafi ta fita da sauri. Ta same shi yana kulle ɗakin inji.

"Kawu, tafiya ba sallama?"

"Da zan biyo." Ya gwada kwaɗon sau biyu. "Ƙafar nan ce ta matsa mini, za a duba ta a can."

"Yaushe za ka dawo? In ƙasan ya sha rana wata ɗaya, za a iya sake zubawa. Ni zan shirya ruwan da kaina tun kafin a kawo ƴaƴan jatan landen."

"Wata ɗaya," ya ce, kamar yana auna maganar. Ya dubi busasshen kandamin. "Shekara ashirin da shida ina nan. Kin san ban taɓa ganin ƙasansa haka ba? Ashe akwai tsohon takalmina a ciki."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka zo.

"Kawu, ka yafe mini."

"Na ce ki ba ni, kin ce in bari sai gobe. Ina da kunne." Ya miƙo mata makullin. "Injin yana son a tayar da shi duk mako, in ba haka ba gishiri zai cinye shi. Ki ce wa mijinki ya duba mai kafin ya kunna."

"Zan gaya masa."

Ƴarsa ta danna hon. Ya taka a hankali yana jan ƙafar, ya buɗe ƙofar mota, sannan ya juyo.

"Wani ya zo jiya yana tambaya ko zan ba da hayar wurin. Ban ba shi amsa ba. In ya dawo ya same ki, ki gaya masa duk abin da ya faru a ruwan nan. Kar ki rage komai."

"To, Kawu."

Ya shiga. Motar ta bi gefen magudana, ta wuce ta tara, ta takwas, ta bakwai, har ta hau titi.